Jinjina Ga Masu Gugguru: Mai Kyau Ya Ƙara Da Wanka

A cikin duk kayan ƙwalamar da ake sayarwa a bakin makarantu da tashoshin mota na ƙasar nan, da wuya a sami wanda ya kai gugguru gaskiya. Biskit fulawa ce da aka raba da dusarta aka loda mata sukari. Alewa sukari ce tsantsa da ɗan launi. Cincin da fanke sun sha mai har sun ƙoshi. Shi kuwa gugguru hatsi ne sukutum, da ɓawonsa da idon da yake tsirowa, ba a surfa shi ba, ba a kai shi inji ba, ba a tankaɗe shi ba. Wuta kawai ya ji ya buɗe. Likitoci da masana abinci sun daɗe suna roƙon jama'a su koma cin hatsin da ba a cire wa dusa ba, ga shi kuwa akwai masu ƙulla shi a leda suna sayarwa a kan kuɗin da ɗan firamare zai iya zarowa daga aljihunsa, amma ba mai ce musu sannu.

To, sannunku da aiki. Sannu Hajiyar da take tashi bayan sallar asuba ta ɗora tukunya a cikin gida, ta ƙulla, ta aika shagon unguwa kafin yara su fito makaranta. Sannu saurayin da ya ƙi zaman majalisa, ya haɗa ɗan jarinsa ya sayi akwatin gilashi da tukunyar gas, yana tsaye a bakin titi daga la'asar har bayan isha'i, ƙanshi na yi masa talla. Sannu masu tura baro zuwa gidan zu na Kano ranar yawon salla, da masu cika manyan robobi domin gidan biki da walimar sauka. Yabon gwani ya zama dole, ku kuwa kun cancanci yabon, musamman a waɗannan shekaru.

Kowa ya san abin da ya biyo bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023. Zuwa tsakiyar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100. Burodi ya ƙanƙance, ƙosai ya koma kamar ana rowa da shi, ƙwai ya fi ƙarfin gidaje da yawa. A irin wannan hali uwa mai 'ya'ya biyar tana neman abin da za ta miƙa musu tsakanin kokon safe da tuwon dare, wanda zai cika hannu, ya ɗauki lokaci ana taunawa, kuma ba zai cinye kuɗin cefane ba. Ku kuka tsaya a wannan gurbi.

Sirrin arahar tana cikin ƙwayar kanta. Ba kowace masara ce take yin gugguru ba. Tasa ƙanana ce, mai sheƙi, ɓawonta da tauri kuma ba ya barin tururi ya fita. A cikinta akwai ɗan danshi, wajen kashi 14 cikin 100 na nauyinta. Idan zafi ya kama ta, danshin sai ya zama tururi, ya rasa ƙofar fita, ya dafa garin da ke ciki har ya yi laushi. Da zafin ya kai wajen digiri 180, matsin da ke cikin 'yar ƙwayar nan ya ninka na iskar tayar mota kusan sau huɗu, sai ɓawon ya yage, garin ya yi tsalle waje yana kumfa, iska ta buge shi ya daskare nan take. Ƙwaya mai kyau tana ninka girmanta sau 30, wani lokaci har 40. Ma'ana, gwangwani ɗaya da aka auno a kasuwa zai iya cika gwangwani talatin. Babu wani hatsi a rumbun Bahaushe da yake yin wannan kyauta. Dawa ma tana fashewa idan ta ji wuta, amma furenta ƙanana ne.

Wannan kumburi shi ne dalilin da ya sa yake riƙe ciki. Ciki ba ya lissafin kalori, cika yake ji. Kofi ɗaya na gugguru wanda ba a sa wa mai ko sukari ba nauyinsa bai wuce giram 8 ba, ƙarfin da ke cikinsa kuma kalori 31 ne kacal. Mutum zai ci kofi uku, ya gaji da tauna, bai kai kalori 100 ba, alhali kwalbar lemo ɗaya ta wuce haka kuma ba ta kashe yunwa. Ga shi da harza, wato ɓangaren abincin da hanji ba ya narkarwa amma yake buƙata domin ya yi aikinsa: a kowane giram 100 akwai wajen giram 14 zuwa 15. Ita ce take sa bayan gida ya yi sauƙi, take kuma rage saurin da sukari yake shiga jini. A ƙasar da mutane da yawa suke kukan basir, suna bin masu magani a mota da lasifika, ya kamata a ce an fi haka sanin darajar hatsi mai dusa.

Batun riƙe cikin nan an taɓa auna shi. A 1995 wata masaniya mai suna Susanna Holt da abokan aikinta a Jami'ar Sidni ta ƙasar Ostareliya sun gwada nau'in abinci 38. Kowane nau'i aka ba masu gwajin daidai kalori 240, aka riƙa tambayarsu yadda suke jin yunwa har tsawon awa biyu. Suka sa farin burodi a maki 100 ya zama ma'auni. Dafaffen dankalin Turawa ne ya zo na ɗaya da maki 323. Gugguru ya samu 154, ya bar burodi a baya da nisa. Soyayyen dankalin leda ya tsaya a 91, kek kuma a 65. Abin da kuke ƙullawa a leda ya doke kayan da ake jerawa a kanti mai na'urar sanyaya ɗaki.

Sana'ar taku kuma tana da asali. Mutanen kudancin Meziko ne suka fara noma masara shekaru kusan 9,000 da suka wuce, daga wata ciyawa ta jeji. A gaɓar tekun ƙasar Peru masu tonon kayan tarihi sun samo totuwa da ragowar masarar gugguru da suka kai shekara 6,700. Akwatin gilashin da kuke tsayawa a bayansa jikan wata na'ura ne mai aiki da tururi da wani mai alewa, Charles Cretors, ya ƙera a birnin Cikago a 1885, ya kuma kai ta babban baje kolin da aka yi a birnin a 1893. Abin da ya fi jan hankalina a tarihin shi ne lokacin da gugguru ya yi tashe a Amurka: shekarun 1930, zamanin karayar arziki, sa'ad da miliyoyin mutane suka rasa aiki. Ƙunshi ɗaya senti 5 ne ko 10, shi ne ɗan marmarin da talaka bai rasa ba, kuma cinikinsa ya taimaki gidajen silima da dama suka tsira daga rufewa. Abokin tsanani ne tun can. A Habasha kuwa ya samu matsayi na girmamawa, don tare da shi ake gabatar da gahawa idan an yi baƙi.

Wani abin da ya kamata a yaba muku shi ne haɗin gugguru da gyaɗa, wanda mu da Yarbawa muka yi tarayya a kansa. Wanda ya fara wannan haɗi bai shiga ajin kimiyya ba, amma ya dace. Masara ba ta da wadataccen sinadarin gina jiki mai inganci, kuma bitamin ɗin nan da ake kira niyasin a ɗaure yake a cikinta, jiki ba ya iya cin moriyarsa sosai. Gyaɗa kuwa kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinta sinadarin gina jiki ne, tana da niyasin mai yawa, ga mai mai kyau da yake sa ƙoshi ya daɗe. Ɗan tafin hannu na gyaɗa a kan ƙullin gugguru, a kora da ruwa, ya isa ya kai leburan gini ko ɗalibin jami'a daga azahar zuwa magariba.

Amma Hausawa sun ce in kana da kyau ka ƙara da wanka. Duk lissafin da na kawo a sama na gugguru ne tsirara, yadda ya fito daga tukunya. Wanda yake isa hannun yaro a bakin makaranta sau da yawa wani abu ne dabam. An zuba sukari tun a tukunya har ya yi ja yana manne wa yatsa, an narka bota, an barbaɗa madarar gari, wani ma ya ƙara launi, kore ko ruwan hoda, don ya ja idon yara. A nan fa hatsin ya zama abin ɗaukar kaya kawai, alewa ce aka sayar da sunan gugguru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da ake ƙarawa a abinci kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum yake samu a yini, wato wajen giram 50 ga babba, ƙaramin cokali 12, kuma in an rage zuwa rabin haka ya fi. Na yaro bai kai nan ba. Yaron da ya sha shayi mai cokali uku da safe, ya sayi lemo a tara, ya ɗora da gugguru mai sukari a hanyar gida, ya wuce iyaka tun rana ba ta faɗi ba. Wanda yake ganin ƙari ba ya canja komai, ya ji wannan: a 2009 wata ƙungiyar kare masu sayen abinci a Amurka ta kai guggurun gidajen silima ɗakin gwaji, ta tarar da mazubi ɗaya da ya kai kalori 1,200. Ƙwayar ɗaya ce da taku, mai da girman mazubi ne suka kai shi can.

Na san amsar da za ku bayar, kuma amsa ce mai nauyi: “Malam, in ba zaƙi ba sa saye.” Gaskiya ne, mai sana'a ba ya faɗa da bakin mai saye. Ba kuma cewa nake ku zubar da sukari gobe ba. Amma harshe abin koyarwa ne. Wanda yake zuba gwangwani guda a tukunya, in ya rage kaɗan wannan watan, ya ƙara ragewa wata mai zuwa, yawancin masu saye ba za su lura ba, kuɗin sukarin kuma ya zauna a aljihunsa. Sannan me ya hana a ajiye iri biyu a akwati, mai zaƙi da marar zaƙi? Masu ciwon sukari da masu hawan jini suna wucewa ta gabanku kullum, ƙanshi na kiransu, suna haɗiye yawu su yi gaba domin ba a tanadar musu komai ba. Kasuwa ce kuke bari a ƙasa. Mu da muke da yajin ƙuli, da citta, da kanumfari, da masoro, da tafarnuwa, ba mu da hujjar cewa gugguru ba ya daɗi sai da sukari. Wanda ya fara yin gugguru mai yajin tsire a unguwarsu ya yi shi da kyau, ina kyautata zaton sai an yi masa layi. Sai dai a kula da gishiri da dunƙulen ɗanɗano, don gishirin yini duka, na miya da na komai, bai kamata ya kai giram 5 ba, ƙaramin cokali ɗaya ke nan.

Mai ma haka. Cokali biyu ko uku na man gyaɗa mai kyau sun isa su fasa rabin gwangwani. Abin gudu shi ne man da aka soya ƙosai ko kifi da shi har ya yi baƙi, aka sayo shi da araha, da kuma daskararren mai irin na masu burodi wanda ba a san me ke cikinsa ba. Irin kitsen masana'anta da yake toshe jijiyoyin zuciya ne ya sa hukumar NAFDAC ta fito da dokar da ta taƙaita shi zuwa giram 2 a kowane giram 100 na mai. Dokar tana kan takarda, jami'in hukuma kuwa ba zai zo bakin tukunyarki ba, Hajiya. Ke ce mai duba abin da kika zuba.

Akwai wani haɗari da ya fi sukari, shi kuma ba a ganinsa da ido sosai. Masara da gyaɗa, abokan haɗin nan biyu, su ne kan gaba wajen kamuwa da wata irin fumfuna idan aka shanya su a ƙasa ko aka ajiye su da danshi. Fumfunar tana fitar da guba mai suna afalatoksin, wadda take lalata hanta a hankali, tana jawo sankarar hanta, tana kuma da hannu a tsumburewar yara. Wutar tukunya ba ta kawar da ita gaba ɗaya. A 2004 gurɓatacciyar masara ta kashe mutum 125 a gabashin Kenya. Saboda haka idan kun shiga Dawanau ko wata kasuwar hatsi, kada araha ta ja ku. Ku damƙi ƙwayar ku sansana. Wadda take warin ruma, ko ta canja launi, ko ƙwari suka huda, ku bar ta ko da kyauta ce. Gyaɗar da ta yanƙwane ko take ɗaci a tsince ta a zubar, kada a ce asara ce a soye ta tare da sauran. Ku kuma tambayi mai hatsi da me ya adana kayansa, domin har yanzu akwai masu yayyafa fiya-fiya a buhun abin da mutane za su ci, alhali ga buhun PICS mai leda biyu a ciki wanda yake kashe ƙwari ta hanyar hana su iska, ba tare da ɗigon magani ba.

Ajiya tana da wani ɓangare da ya shafi ribarku kai tsaye. Iskar hunturu tana tsotse danshin ƙwaya, shi ya sa a watannin sanyi za ku ga ƙasan tukunya cike da wadda ta ƙi fashewa. A zuba ƙwayar a mazubi mai murfi da ba ya shan iska. In ta riga ta bushe, a sa mata babban cokali ɗaya na ruwa a cikin kwalba, a rufe, a riƙa girgizawa na kwana biyu ko uku, za ta farfaɗo. Wadda ta ƙi fashewa kuma a tace ta kafin a ƙulla, don ita ce take fasa haƙorin mai saye.

Batun yara yana buƙatar a tsaya a kansa, kuma wannan nauyi na iyaye ne kafin ya zama na mai sayarwa. Likitocin yara suna gargaɗin kada a ba wanda bai kai shekara 4 ba gugguru. Turamen haƙoransa ba su gama ƙwarewa a tauna ba, gugguru kuma ba shi da nauyi, numfashi ɗaya zai ja ɓawo ko ƙwaya zuwa maƙogwaron iska. A gidajenmu kuwa yayye ne suke raino, yarinya 'yar shekara bakwai tana goye da ƙaninta, abin da ta saya shi za ta miƙa masa ta kafaɗa. Kalma ɗaya daga bakinku, “kar ki ba ɗan ƙaramin nan”, ba za ta rage muku ciniki ba.

Sannan abin da ya sa gugguru ya zama alheri ga babba mai son rage tumbi, shi ne yake iya zama matsala ga yaro mai rama. Yana cika ciki da ƙarfi kaɗan. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa adadin ya kai kashi 57. Yaron da yake wannan hali cikinsa ƙarami ne, kowace loma tana da muhimmanci, wake yake buƙata da ƙwai da kunun gyaɗa da ganye. In aka cika masa ciki da iska mai ƙanshi dab da lokacin tuwo, an yi masa kwange. Gugguru abin taɓawa ne tsakanin abinci da abinci. Duk wanda ya ce muku ya isa ya zama kalaci, yaudararku yake yi, ko da yabonku yake.

Leda kuma, a daina hura ta da baki kafin a zuba. Abu ne da aka saba har ba a ganinsa, amma numfashin mai tari yana shiga tare da kayan. A bari gugguru ya huce kafin a ƙulla, zai fi daɗewa da ƙaras-ƙaras ɗinsa. Mai tsayawa a wuri ɗaya ya ajiye kwali a gefensa domin ledar da aka yar, tunda magudanar da take toshewa da damina ta gaban rumfarsa take bi. Hajiyar da take ɗora wa 'yarta tire kuma, ta bari sai an tashi daga makaranta.

Akwai sauran aiki da ya fi ƙarfin mai tukunya. Ƙwaya mai fashewa da kyau da ake gani a manyan shaguna cikin leda mai tambari, da yawanta daga waje take zuwa. Ajantina ce kan gaba a duniya wajen fitar da ita, Amurka kuma ta fi kowa noma ta, musamman jihohin Nebraska da Indiyana. Duk ranar da dala ta motsa, ƙullinku ya ƙara ƙanƙancewa. Alhali ga Saminaka, ga Funtuwa, ga Dandume, ga Giwa, ƙasar da take fitar da masara tirela-tirela kowace kaka. Ga kuma Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Jami'ar Ahmadu Bello, wadda inganta irin masara yana cikin aikin da aka ɗora mata, ta kuma fitar da ire-iren SAMMAZ da manoma suka sani. Masarar gugguru ba ta kai ta tuwo yabanya ba, tana kuma son a nisanta gonarta daga sauran masara ko a saɓa lokacin shuka don kada bununin wata ya gurɓata ta, a bar ta ta bushe a hankali ba tare da ɓawon ya tsage ba. Manomi ba zai ɗauki wannan ɗawainiya ba sai ya tabbata akwai mai saye a farashin da ya fi na masarar tuwo. Ku ne masu sayen, amma a warwatse kuke, kowa da mudunsa. Masu gugguru ashirin na gari ɗaya in suka haɗa kuɗi irin na adashi, za su iya zuwa wurin manomi tun kafin ruwan farko, su kai masa iri, su yi ciniki a kan buhu nawa za su ɗauka da kaka.